Farin Noti a Hanyar Magarya

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. In na zauna wurin mai shayi a tashar Makoda, kafin a zuba mini madara wani ya matso ya ce, "Hamisu, wai da gaske ne ka zubar da Inna a rairayi?" In na je masallaci, ana idar da salla na kusa da ni zai fara murmushi. Labarin har Watari ya kai, inda muke noman rani, kuma kafin ya isa can an zuba masa gishiri: wai sau uku muka mirgina, wai sojoji ne suka tsince mu. To, na gaji da gyara ƙaryar mutane. Ga yadda aka yi daga bakin wanda ya yi aika-aikar. Kowa ya ji, a bar ni in sha shayina.

Inna, mahaifiyata, ba 'yar nan ba ce. 'Yar maƙera ce daga wani ƙauye gaba da Magarya, aure ya kawo ta ƙasar Kano tun tana da ƙuruciya. 'Yan ɗakinsu duk sun rasu, saura yayanta ɗaya, Kawu Idi Maƙeri. A bazarar shekarar nan da fetur ya gagari talaka, mudun gero ya zama abin kallo, sai ɗansa Lawali ya bugo waya: jikin tsoho ya yi tsanani, mai son ganinsa ya zo.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa tankaɗen da take yi, ta kakkaɓe hannu. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona in za ta yi mini magana. Bango ta kalla ta ce, "A gaya wa mai mashin ya kai ni."

Na ce, "Inna, ai mota ta fi miki sauƙi."

Ta ce, "Da wane kuɗin?"

Can sai ta ƙara, har yanzu bangon take gaya wa: "Garin nan kowa Inna yake ce mini. Wasu Iya, wasu Gwaggo. Mutum ɗaya ya rage a duniya da yake ce mini Kande. Ina so in ji a bakinsa kafin ya tafi da shi."

Na kai shekarun da na kai, ban taɓa tsayawa na tuna cewa Inna tana da suna ba.

To, ɗan kirki in ya ji irin wannan magana, birki zai duba, ya duba taya. Ni kuwa da na fita zaure, abin da ya faɗo mini a rai Lawali ne. Taubashina ne, ɗan kawu, ga shi Badamagare ni Bakano, wasa biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Zuwan da ya yi bikin ƙanwata, sai da ya zagaya mashin ɗina a gaban jama'a, ya ce, "Wannan babur ne, ko injin markaɗe ne ya gudo daga gida?" Aka yi ta dariya har da mata a cikin gida. Na riƙe abin a raina.

Mashin ɗin kuwa, tsakani da Allah, bai taɓa ba ni kunya a hanya ba. Na hannu na saye shi. Ya ɗauki kwandunan tumatir daga Watari, ya ɗauki buhunan taki, ya taɓa ɗaukar tunkiya da mai ita. Muni ne kawai da shi. Duk notunan jikinsa baƙaƙe ne, sun sha baƙin mai da ƙasa.

Ranar kasuwa na tafi Ɗambatta yi masa kwalliya. Aka wanke shi, na saya masa rigar kujera mai geza. Ina shirin juyowa sai idona ya faɗa kan wani tebur, an tara notuna fari fat, suna ƙyalli kamar kwanukan amarya. Mai teburin ya ce, "Bismilla, Alhaji." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba! Wannan Alhajin shi ya gama da ni. Na kwance ɗaya daga jikin mashin muka gwada: tsawo ɗaya, kauri ɗaya, zare ɗaya. Mu dai a wajenmu noti girma ne, wannan na sifana goma, wancan na sha huɗu. In ya shiga rami ya ɗauru, magana ta ƙare. Na ga wani ɗan rubutu da ya taso a kan tsohon, na ɗauka sunan kamfani ne. Sababbin kuwa kansu sumul, ba ko ɗigo, har na yaba da tsabtarsu.

Da yamma na zauna a ƙofar gida na canja duk notin da ido ke iya gani: na kariya, wato ƙarfen baya da ake ɗaura kaya, na matakin ƙafa, na lambar mashin, har da biyun da ke ƙasan shokozoba, ƙarafan nan masu sifirin da ke riƙe da bayan mashin. Ina kwance tsofaffin ina wurgi da su kan dakalin siminti. Da na je wanke hannu na dawo, sai na tarar saura ƙananan kawai. Na ce ikon Allah, yanzu har 'yan gwangwan sun fara zaɓe.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Kayan Inna ƙulli ɗaya ne, 'yar daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, abin da shekarar ta bari. Sai kuma wani ɗan ƙulli a haɓar zaninta, wanda duk ramin da muka faɗa sai ya bugi ƙarfen kariya, ƙwas, ƙwas. Na ce, "Inna, mene ne ke ƙara haka?"

Ta ce, "Tuƙi aka ce ka yi."

Hanyar Babura kun san ta, gona na bin gona, ƙauye na kallon ƙauye, rami na miƙa ka ga ɗan'uwansa. Ina tafe ina satar kallon inuwar mashin, ina shirya abin da zan gaya wa Lawali. Dab da shiga gari sai na ji Inna ta ce, cikin natsuwa kamar mai ba da labarin wani, "Mai mashin, ƙafata tana bin ƙasa."

Na tsaya. Matakin ƙafarta na hagu ya sunkuya, sabon notin ya lanƙwashe, ina taɓa shi ya rabu biyu. Na ce Inna ce take dannawa da ƙarfi. Tsohuwar da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka!

Muka sami mai walda a bakin tasha. Ba wuta, kuma injinsa ba mai, sai da ya zuƙi kaɗan daga tankina ya zuba, ina kallo raina na ƙuna. Ya like matakin da jikin mashin gaba ɗaya, ya ce ba shi ba noti har abada. Yana miƙewa sai ya tsaya yana bin sauran notunan da kallo. Ya ce, "Wa ya sa maka waɗannan?"

Na buga ƙirji na ce, "Ni da kaina."

Ya buɗe baki, ya kalli Inna, ya rufe. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Na ce amin da ƙarfi. Ni na ɗauka addu'a ce kawai. Muka sha koko da ƙosai muka wuce.

A Babban Mutum muka bar ƙasarmu. Ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba, ganin tsohuwa. A nasu ɓangaren igiya ce aka gitta a hanya, jami'i na zaune a inuwa. Ya taso, ya sara mana tukuna, sannan ya nemi takardu. Inna ba ta da ko ɗaya. Sai na ji ta buɗe baki da wata irin Hausa da ban taɓa ji a bakinta ba, irin ta mutanen can, tana faɗin garinsu da gidansu da sunan kakanta. Jami'in ya dubi tsagar fuskarta ya ce, "Iya, ke gida kika zo. Shiga inuwa." Har kujerarsa ya ba ta.

Ni kuwa a rana aka bar ni, yana juya takardun mashin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Bakano, me ka zo sayarwa?"

Na ce, "Ba ciniki ya kawo ni ba, dubiya za mu."

Ya ce, "Ban yarda ba. Bakano ko jana'iza ya je sai ya tambayi kuɗin likkafani." Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Amma da zai sauke igiya ya shafa tankin ya ce, "Moto ya sha kyau." Kaina ya ƙara girma, na ce ko nan aka tsaya kwalliya ta yi rana.

Abin da ya rage mini girman kan wurin 'yan canji ne. Da can in ɗan Najeriya ya fito da naira, rige-rige suke yi. Yanzu na miƙa damin da na tara, aka miƙo mini 'yan takardun da ko aljihu bai san an sa masa wani abu ba.

Magarya gari ne kamar namu, amma komai an ɗan karkatar da shi. Mashin moto ne, ɗan acaɓa kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yankar dasashi. Na saya don in gwada, Inna ta karɓa ta ƙwanƙwasa shi a gwiwa ta mayar mini. Kuma ba sa gaggawa a gaisuwa. Ka tsaya tambayar hanya, sai an tambaye ka gida da gajiya da zafi da dabbobi, kafin a nuna maka da baki.

Daga nan muka bar kwalta muka faɗa rairayi. Inna ce jagora, da taswirar da ta riƙe tun tana amarya. "In ka ga kuka mai rassa biyu ka yi dama." Kukar ta faɗi tun kafin a haife ni. "Akwai rijiya a gaba." Rijiyar ta zama gari guda har da makaranta. Muka yi ta bulayi har rana ta karkata. Duk da haka bakinta bai rufu ba. Ni dai tunda nake ban taɓa jin Inna ta yi magana mai yawa kamar ranar ba.

Sai muka zo wani kwazazzabo. Ba wani babba ba ne, na tsallake goma irinsa da tumatir a baya. Na sauka a hankali, ina hawowa sai na ji ƙas! Bayan mashin ya zauna a kan taya, kai ya ƙwace, muka tafi gefe.

Sau ɗaya ne, jama'a, ba sau uku ba. Kuma ba soja ko ɗaya.

Amma ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na ɗago na ga Inna kwance a rairayi, mayafi ya rufe fuskarta, ba motsi. Na rarrafa ina salati, ina kiran Inna, Inna, muryata kamar ba tawa ba. Sai hannunta ya ɗago ya janye mayafin. Ta tofar da ƙasa, ta kalli sama ta ce, "Mai mashin, an iso ne?"

Gwiwar hannunta ce kawai ta ɗan kuje. Abin da ta fara lalubawa kuwa ba ciwon ba ne, ƙullin haɓar zaninta ne.

Na duba mashin. Notin shokozoba na dama ya gutsure, rabi ya tafi, rabi ya maƙale a rami. Na hagun ya lanƙwashe yana jiran nasa lokacin. Wayata ba sabis. Muna nan zaune sai ga wani bawan Allah da amalanken shanu, ya ɗebo ruwa a jarkoki. Bayan doguwar gaisuwa ya ce akwai bakanike a ƙauyen gaba. Haka aka ɗora mashin ɗina mai geza a kan jarkoki, Inna ta hau gaba ta zauna daram, ni ina biye a ƙasa ina riƙe da taya. Na gode wa Allah da Lawali ba ya wurin.

Bakaniken sunansa Isuhu, dattijo ne mai furfura a gemu, ya ce ya yi shekaru yana gyaran manyan motocin da ke keta sahara kafin idonsa ya gaji da hanya. Noti bulo yake ce masa, sifana kuma kile. Ya kwance na hagun da ya lanƙwashe, ya goge kansa da babban yatsa ya miƙo mini.

"Duba kansa. Me ka gani?"

Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "To, ba komai ka saya."

Na fara kame-kame, ina cewa girmansu ɗaya, har gwadawa muka yi. Ya ce, "Ni da kai ma tsawonmu ɗaya. Za ka iya aikina?" Ya jawo wani gwangwani ya zazzage, ya ɗauko ɗaya ya nuna mini kansa, an rubuta 4.8. Ya ce wannan da marar rubutu duk 'yan gida ɗaya ne, ƙarfe mai taushi, aikinsu riƙe lamba da murfin gefe, abin da in ya faɗi ba wanda zai yi kuka. Amma inda nauyin mutum yake, ko inji, ko birki, ba a sa su. Ya ce, "Kowane bulo da tsagarsa a fuska, kamar ta Iya. Ita ke gaya maka gidan da ya fito."

Na ce to ya sa mini masu kyau. Ya girgiza kai. Babu irinsu a gwangwaninsa, babu a garin. Sai Magarya, in an dace, in ba a dace ba sai Damagaram. Na ce ya sa ko wane iri ne, mu lallaɓa. Ya ce, "Kwazazzaban da ke gabanku sun fi na baya. Kai kaɗai ne, sai in sa maka, ka je ka karye abinka. Ba zan sa gwangwani a ƙarƙashin tsohuwa ba."

Na ari wayarsa na kira Lawali. Ina jin ya ɗauka na shirya kunnena, na san zan sha tsiya. Sai na ji ya ce, "Hamisu, kuna ina?" Hamisu ya ce. Tunda muke bai taɓa kirana da wani abu ba sai Bakano. Ya ce Baba ya daina magana, ba ya gane kowa, ko ruwa sai an ɗiga masa. Ya ce, "Ku yi sauri, don Allah."

Na kashe wayar na tsuguna a gindin rumfa. Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki. Tsohuwa ta roƙe ni abu ɗaya a rayuwarta, na tsaya yi wa ƙarfe kwalliya. Ban san yadda zan gaya mata ba, ashe ta ji komai.

Ta jawo haɓar zaninta, ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta zazzage a kan tabarmar Isuhu. Baƙaƙen notuna suka zubo. Nawa. Waɗanda na watsar a kan dakali.

Na ce, "Inna!"

Ba ni ta kalla ba, Isuhu ta gaya wa. "Tsarabar Yaya ce. Shekarar nan ba ni da abin kai masa, kuma shi maƙeri ba abin da ke faranta masa rai kamar ƙarfe mai kyau. Ina daga tsakar gida na ji ƙararsu a kan siminti, na san ba na yarwa ba ne. Tun ina yarinya ni ke yi masa tsince-tsince, in kawo ya gwada. Ƙananan dai na bar su, ba su da murya."

Isuhu ya yi dariya har da tafa hannu. Ya zuba ɗan fetur a murfi ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, rubutun ya fito ras. Ya jera su a tabarma ya ce in matso in karanta, tunda da kuɗina na sayi karatun. Biyu dogaye an rubuta 10.9. Ya ce su ne na shokozoba. Sauran 8.8, na kariya da matakin ƙafa.

Na ce, "Lambar sifana ce ke nan?"

Ya ce, "Kai, Bakano! Ka taɓa ganin kile goma da ɗigo tara?" Ya ce lambar farko tana faɗin irin jan da ƙarfen zai sha kafin ya tsinke, in ta ƙaru ƙarfi ya ƙaru, goma ta fi takwas, takwas ta ninka huɗu. Ta bayan ɗigo kuma tana faɗin inda zai fara miƙewa ya ƙi komawa yadda yake: takwas, wato sai an kai kashi takwas cikin goma na wancan jan, tara, sai an kai kashi tara. Ya ce akwai 12.9, ya fi su duka tauri, amma ba ko'ina ake cusa shi ba, abin da aka cire shi ake mayarwa. A tsofaffin manyan motoci kuma wasu ba lamba, 'yan layuka ne a kai, mai shida ya fi mai uku.

Na ce, "Wato dai baƙi shi ne mai kyau."

Ya ce, "Ka ga irinta ko? Jiya fari ya ruɗe ka, yau baƙi zai ruɗe ka. Akwai fari mai takwas da takwas, akwai baƙin banza. Har mai lambar ƙarya akwai, shi ya sa ake saye wurin wanda in ya cuce ka ka san gidansu. Kai dai ka duba kai."

Magariba ta kawo jiki, ga guntun da ya maƙale sai an yi dabara a fitar, ga kunnen ƙarfen da notin ke shiga ya karkace sai an buga. Isuhu ya ce ko an gama ba mai shiga rairayin nan da duhu. Dole muka kwana. Inna ta tashi kawai ta yi alwala. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A gidansa aka sauke mu, Inna wurin iyalinsa, ni aka shimfiɗa mini tabarma a kan rairayin ƙofar gida, don su can da bazara ba mai kwana a ɗaki. Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa, da fura mai nono da yawa wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Na ce damuwa ba za ta bar ni in ci ba. Ban ankara ba sai ga ni ina suɗe kwano. Sannan aka dasa shayi, ba irin namu na kofi cike da madara ba, wani baƙi ne a ɗan mitsitsin gilashi, ɗaci kamar maganin shawara, kuma sai an zagayo da shi har uku, in ka tashi a na farko ka yi rashin kunya. Mutanen da ba su san mu ba, a shekarar da kowa ke ɓoye mudunsa, ko tambayar ranar tafiyarmu ba su yi ba.

Gari na wayewa Isuhu ya hau aiki. Ya mayar da kowane noti gidansa, fararen ya tara mini a leda, ya bar biyu a jikin lamba ya ce nan ne matsayinsu. Sai guda ɗaya ya rage a tabarma, na matakin da aka like a Babura, ba shi da rami kuma.

Inna ta ɗauke shi ta juya. Ta ce, "Noti ɗaya. Shekara da shekaru ban je ba, in je wa Yaya da noti ɗaya." Ta ƙulle shi a haɓar zani, ta hau.

Kwazazzaban gaba sun fi na baya, kamar yadda aka faɗa. Mashin bai ko yi tari ba.

Da hantsi muka isa. Maƙerar tana ƙofar gida, toka ta yi sanyi, zugazugi a rataye. Lawali ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu. Mashin ɗin da na yi wa duk wannan wahala, ko kallon inda yake bai yi ba.

Kawu na kwance a tabarma, ya ƙanƙance, idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai. Hannuwan ne kawai na gane, manya, duk tabon wuta. Inna ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni ce. Na zo." Shiru. Ta faɗi sunan babansu, ta faɗi na innarsu, ta ce daga Kano take. Ko ƙiftawa bai yi ba. Matar Lawali ta ce a hankali, "Jiya da yamma ya ɗan motsa baki, tun daga nan shi ke nan."

Jiya da yamma. Lokacin da nake bin amalanke ina riƙe da taya. Na jingina da bakin ƙofa.

Inna ta daɗe a zaune. Can ta jawo haɓar zani ta kwance. Ta buɗe tafin hannunsa ta sa notin, ta naɗe yatsunsa a kai, ta koma ta zauna.

Ba abin da ya faru. Har na sunkuyar da kai. Sai Lawali ya taɓa ni. Babban yatsan tsohon ne ke motsi. Ya bi zaren a hankali har ƙarshe, ya dawo, ya hau kan notin ya tsaya a kan rubutun nan yana shafawa. Hannun ya ɗan ɗaga, ya sauka, irin yadda ake auna nauyin abu. Leɓensa ya motsa.

"Ƙarfe ne," in ji shi, da wata murya kamar daga cikin rijiya.

Kansa ya juyo kaɗan.

"Kande. Ina kika tsinto?"

Inna ta sa bayan hannu ta share ido. Muryar da ta fito daga bakinta ba ta Inna ba ce, ta wata 'yar yarinya ce da ban taɓa sani ba. Ta ce, "A ƙofar gida, Yaya. Wani wawa ne ya yar."

Kawu ya yi murmushi. Ni kuwa, wawan, ina bakin ƙofa ina kuka kamar an yi mini duka, ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Bai sake magana ba. Washegari Allah ya karɓi abinsa, notin na hannunsa, sai da aka zo wanka aka buɗe yatsun, aka miƙa wa Inna shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Sai ranar da za mu taho, bayan an share makoki, Lawali ya zagaya mashin, ya ja gezar kujera ya ce, "Bakano, injin markaɗen ne aka yi wa aure?" Na ce masa eh, kuma ya kai ni inda za ni.

To, kun ji yadda aka yi. Mai son ganin fararen notuna ya zo gida, suna nan a leda, kyauta zan ba shi in lamba zai ɗaura. A hanyar dawowa Inna ba ta yi magana ba, ta koma Innarta da kowa ya sani. Abu ɗaya kawai nake ji a bayana, duk ramin da muka faɗa, ƙwas, ƙwas, a jikin kariya, har Makoda. Wannan karon ban tambaya ba.